Farin Zanin Gadon Thora Brekke

Hoton yana rataye a kicin ɗin gidan Brekke tun kafin Orval ya iya tsayawa da ƙafarsa, a bangon da ke tsakanin murhu da ƙofar baya, inda wasu gidajen suke maƙala kalanda. Bai kai faɗin taga ba. A cikinsa mace ce a bayan gida ta sunkuya kan kwandon wanki, ga igiyar shanya da 'yan riguna, ga wani ƙaton farin zanin gado a hannun dama, sannan gonar alkama da fari ya ƙone ta miƙe har inda ido ya gaji. Macen ita ce Thora, mahaifiyar Orval.

Wanda ya yi hoton da fentin mai wani Wendell Prouty ne, mutumin gabas, wanda ya yi watannin zafi na shekara guda a gidan, zamanin babban farin da ya tashi rabin jihar Dakota ta Arewa. Irin masu zanen nan ne da ba sa yi wa duniya kwalliya. In bokiti ya yi tsatsa, da tsatsarsa zai sa shi. In akwai faci a riga, facin zai fito har da zaren da bai dace ba. Da zai tafi ya bar musu hoton. Ya bar kuma tulin kwalabe a bayan rumbu, amma wannan bai shiga littattafai ba.

Kamar yadda aka saba, sai da Prouty ya mutu aka gane gwani ne. Wani farfesa ya biyo sawunsa har garinsu, Brandvold, ya tsaya a kicin ɗin da takalmansa masu ƙyalli, ya ɗauki hoton da kyamara, ya tafi ya rubuta cewa farin zanin gadon nan shi ne zuciyar aikin. Ya ce likkafani ne na ƙasar da ta mutu, ya ce kaɗaicin matan karkara ne, ya ce abubuwa da yawa. Matar fasto ta karanta wa Thora shafin gaba ɗaya. Thora ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a cinya.

"Litinin ce," ta ce. "Ranar wanki." Ta tashi ta ɗora kofi.

Ba a san ta da magana fiye da haka ba. Mutanen Brandvold ma duk haka suke, jikokin Norway ne da sanyi ya koya musu tattalin baki. Shi ya sa Orval ya girma bai san komai game da mahaifinsa ba sai abin da kowa ya sani: sunansa Selmer, kuma a kakar shekarar da Prouty ya tafi, shi ma ya hau jirgin ƙasa ya nufi yamma neman aiki. Bai dawo ba, bai aiko ba, ba a ji ya mutu ba. Orval yana goye a lokacin. Hoton aure guda ɗaya da ke gidan Thora ta sa shi a murhu. Orval ya yi noma, ya yi aure, ya rufe matarsa, ya rufe mahaifiyarsa, ya haura sittin, bai taɓa ganin fuskar ubansa ba. Abin yana damunsa, damuwa irin ta haƙorin da ba ya ciwo sosai amma harshe ba ya barinsa.

Bayan rasuwar Thora da 'yan shekaru, wani gidan ajiye hotuna a Minneapolis ya shirya baje kolin aikin Prouty, suka roƙi aron hoton. Suka ce za su wanke shi kyauta, don hayaƙin murhu da maiƙon soye-soye sun mayar da sararin samansa kamar shayin jiya. Orval ya naɗe shi a bargo ya kai musu da kansa. Bai yarda da masu ɗaukar kaya ba.

Kafin wata ya zagayo suka kira shi a waya, wai ya zo, akwai abin da ya kamata ya gani da idonsa.

Matar da ke gyaran hotuna a wurin sunanta Renata Novak, gajeriya ce mai furfura, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ɗakin aikinta yana wari kamar kantin magani. Hoton yana kwance a tebur babu katakonsa, rabin samansa ya koma shuɗi. Orval ya ji kunya kaɗan, kamar ya shiga ɗakin asibiti ya tarar da maƙwabci babu riga.

"Mista Brekke, wa ke yin fenti a gidanku?" ta tambaya.

"Ni. Kafin ni kuma Mama."

"To, zanin gadon nan ba aikin Prouty ba ne." Ta nuna da wani tsinke mai auduga a baki. "Duk sauran fentin mai zane ne. Wannan kuwa fentin bangon gida ne, an shafa shi da babban burushi. Inuwar da ke jikinsa ma baƙin murhu ne aka dama. Wanda ya yi ya iya hannu, ban raina ba. Amma daga baya aka yi."

Orval ya dubi zanin. Tun yana kan doguwar kujerar yara yake kallonsa.

"Me ke ƙarƙashi?"

"Mutum. Na ɗauki hotonsa irin yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, sai dai fentin gidajen da akwai dalma a ciki, ba ya barin komai ya ratsa. Nan sama kawai, inda ya yi siriri, na ga bakin malafa. Namiji ne, dogo, a tsaye."

Orval ya nemi kujera bai samu ba, sai ya dafa teburin, ta ɗauke masa hannu a hankali daga kusa da hoton.

Ta yi masa bayanin yadda aikin yake. Prouty ya shafa ruwan ƙyalli a kan hotonsa kafin ya tafi, saboda haka fentin bangon a kan ƙyallin ya zauna, bai kama na ƙasa ba. Za a iya ɗaga shi. Amma ba zai tashi a shimfiɗe ba, gari-gari zai fito a bakin aska, in ya fita kuma ya fita ke nan. A sana'arsu, abin da ba hannun mai zane ba ne galibi cire shi ake yi. Amma wannan ya daɗe a wurin har ya zama tarihin hoton, don haka ba za ta taɓa ba sai mai abu ya ce.

"Ke me kika gani?" in ji Orval.

"Ni aikina in gaya maka abin da zai yiwu. Ko dai ka riƙe hannun mahaifiyarka, ko ka ga wanda ta rufe. Ba za ka samu duka biyun ba."

Ya kamo hanyar gida, doguwar hanya ce kuma babu abin kallo sai gonaki. Bai tsaya a gona ba, ya zarce cikin gari wurin yayarsa Ardis.

Ardis ta girme shi da shekaru masu dama. Ta koyar da makarantar firamare har ta gaji, yanzu tana zaune a gidajen tsofaffi da ke bayan coci, kuma har yau da muryar aji take yi wa kowa magana. Ya same ta tana gasa lefse, gurasar dankali ta mutanen Norway, ta murza dankalin ya yi siriri kamar takarda. Ya zauna ya ajiye hularsa a gwiwa, ya faɗa mata. Ba ta juyo ba.

"Sai yanzu suka gane? Da duk digirinsu?"

"Ashe kin sani."

"Ni na riƙe mata gwangwanin fentin."

"Shekara nawa muna cin abinci a ƙarƙashin hoton nan, Ardis, ba ki taɓa cewa uffan ba."

"Ka taɓa tambaya? Kai da sai an yi maka tambaya sau biyu kafin ka ce ina kwana." Ta juya lefsen da siririn katako. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Baba ne?"

"A'a, shugaban ƙasa ne ya zo taya mu shanya. Baba ne mana."

Orval ya murza bakin hularsa. Ya ce yana so a cire.

Nan ta ajiye katakon ta juyo. Ta ce abu ɗaya tak Mama ta taɓa yi a duniya wanda ba a cinye ba, ba a yage ba, ba a sake ɓata shi washegari ba, shi ne wannan zanin. Duk abin da ta dafa an cinye, duk abin da ta wanke ya sake datti. Wannan kaɗai ya tsaya, har wani mai takalmi ya zo daga nesa ya yaba. Yanzu kuma ɗanta zai ba wata baƙuwa aska ta kankare shi, don ya ga mutumin da bai ko waiwayo ya dube shi ba.

"Ke kin gan shi," in ji Orval. "Kin san kamanninsa. Ni fa?"

"Ba ka rasa komai ba."

"To faɗa min. Yaya yake?"

"Yana da hanci, yana da kunne biyu. Ci lefse."

"Ardis."

"Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yankanta, Orval. Na gaya maka. Gidan naka ne, hoton naka ne, Mama kai ta bar wa. Ka yi yadda ka ga dama, amma kada ka zo nan ka zauna min kamar buhun dankali."

Ya ci lefsen da man shanu da sukari, ya yi godiya ya tafi.

Ya ɗauki makonni yana jujjuya maganar. A kicin wurin hoton ya bar fili mai haske a bango, kuma duk lokacin da ya zauna cin abinci sai idonsa ya je can. Ya san Ardis tana da gaskiya, wannan ne ma abin haushin. Thora ba ta bar masa komai da za a ce ga tunaninta ba. Ba ta waƙa, ba ta ba da labari, ba ta taɓa rungumarsa ba sai ranar da aka binne matarsa, shi ma da hannu ɗaya. Sai yanzu ya gano cewa sau ɗaya ta taɓa faɗin abin da ke ranta, da burushi, kuma shi ne yake shirin sharewa. Ya so mahaifiyarsa, so na wanda bai san yadda ake nunawa ba. Amma ita ya yi rayuwa da ita. Shi kuwa uban, ko inuwarsa bai gani ba.

Wata safiya bayan ya ba kaji abinci ya ɗauki waya ya ce wa Renata Novak ta cire.

"Ka tabbata? In na fara ba komawa."

"Na gane. Ki ɗauki hoton zanin da kyau tukuna."

Aikin ya ci kusan hunturun gaba ɗaya. Tana yi ne a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta jiƙa wuri kamar ƙwayar shinkafa, ta ɗaga da bakin aska, ta matsa gaba. Orval bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. Ardis kuwa ta daina zama kusa da shi a coci. A Brandvold wannan ya isa mutane su san an yi babban faɗa, kuma ya isa su ƙi tambaya.

Ƙanƙara ta fara narkewa lokacin da ya koma Minneapolis. Ya sa rigar da yake sawa ranar Lahadi, ya yi aski, shi kansa ya san abin dariya ne. Renata ta jingina hoton a kan abin tsayarwa kusa da taga, ta matsa gefe.

Mutumin yana nan, dogo, da malafa, da wando mai igiyar kafaɗa. Ya juya baya. Yana tsaye bayan igiyar shanya yana kallon gonar da ta ƙone, ba a ganin komai nasa sai ƙeya da rana ta dafa, da kunne ɗaya. Prouty abin da ya gani yake zanawa. Ranar nan Selmer Brekke baya ya ba shi, baya kuwa ya zana.

Orval ya daɗe yana kallon ƙeyar kafin ya lura da sauran. A kafaɗar mutumin ta hagu akwai jariri. An saɓa shi, haɓarsa a kan kafaɗar, yana leƙo bayan uban, yana kallon duk wanda ya tsaya a gaban hoton. Kumatunsa ja ne, miyau ya jiƙa rigar mutumin. Wani babban hannu ya tallafe masa kai, yatsu huɗu sun fito a kan 'yar farar hula.

"Akwai wani jaririn a gidan lokacin?" in ji Renata.

"A'a."

Ta ba shi kujera, wannan karon ta tanada. Can ta ce akwai abin da ya kamata ya sani, tun da yanzu ba wanda zai iya gani sai ita da ta cire. Fentin ba shafa ɗaya ba ne. Na farko ya rufe mutumin duka, amma ya kewaye fuskar jaririn, an bi gefenta a hankali da bakin burushi. Na biyu daban ne, wani gwangwani ne, kuma a tsakaninsu akwai hayaƙin da ya ɗauki shekaru kafin ya taru. Na biyun ne ya rufe fuskar.

Ta miƙa masa wata 'yar kwalba. Garin fentin ne, ta tara masa. Bai kai cikin cokali biyu ba. Ya sa a aljihu don bai san abin da ake yi da shi ba.

Masu baje kolin sun yi murna ƙwarai. Suka sake rubuta allon da za a manna a gefen hoton. Yanzu ba kaɗaici ba ne, wai iyali ne a tsaye gaban masifa, uba yana duban gaba, jariri yana duban mu. Wani matashi mai kula da baje kolin ya kama hannun Orval da hannu biyu, ya ce ya mayar wa ƙasa wani abu da ta rasa. Orval ya ce to, ya tambayi inda ya ajiye motarsa, don ya manta ƙofar da ya shigo.

Rana ba ta faɗi ba ya iso Brandvold. Ardis ta buɗe ƙofa ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Har da rigar Lahadi," ta ce. "Shigo, buhun dankali."

Ya zauna. Ta zuba kofi biyu, ta kawo faranti da biskit, ta zauna a gabansa, abin da ba ta cika yi ba.

"Baya ya juya," in ji Orval.

"Na sani."

"Da kin faɗa min."

"Da ka yarda? Cewa za ka yi tsohuwa ta ruɗe. Kuma da na faɗa maka wannan, sai na faɗa maka ɗayan."

Ya juya kofin a hannunsa. Sannan ya ce mai gyaran hoton ta ce sau biyu aka shafa fentin.

"Ta iya aikinta," in ji Ardis. "Na farkon a hunturun shekarar da Baba ya tafi ne. Mama ta sauke hoton ta kwantar a tebur, ta ce in riƙe gwangwani. Baba kam ba ta ɓata lokaci a kansa ba. Kai ne ka ba ta wahala, burushin bango ne, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ta yi ta lallaɓawa har ta fitar da kai. Haka ka zauna, kai kaɗai kana leƙowa daga cikin zanin gado da yatsun wani a kanka. Baƙi in sun shigo sai su rasa inda za su sa ido."

"To me ya sa ta koma ta rufe ni?"

Ardis ta dubi biskit ɗin, ta gyara ɗaya da bai karkace ba.

"Kana wajen shekara huɗu. Ka shigo daga waje ka tsaya a bakin ƙofa, ka tura hularka baya da babban yatsa. Ta dube ka, ta dubi hoton. Da rana ta aike ni kanti in sayo fenti." Ta ɗago kai. "Kamarku ɗaya, Orval. Ba wai kama ba, shi ne kawai aka sake. Yadda kake zaune yanzu, da wannan bakin naka da ka turo, shi ne. Ka tafi har Minneapolis ka sa an kankare Mama don ka ga abin da kake askewa kowace safiya."

Orval ya ajiye kofinsa. Ya ji baƙin ciki ya sauko masa, mai nauyi, ba irin wanda ya yi shirin ji ba. Ya tafi ne da shirin jin haushin ubansa, ko tausayinsa, duk wanda fuskar ta kawo. Yanzu mahaifiyarsa yake gani, a wancan gefen tebur, safe da rana da yamma, tana zuba masa abinci shekara da shekaru. Ba ta taɓa barinsa da yunwa ba. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Shi ya sa in tana min magana take kallon taga?" ya tambaya.

"Ashe ka lura," in ji Ardis. Ta tura masa farantin.